Jakar Hatsin Dokin Kakansa

Shekarar da ƙasar Sin ta karɓi wasannin Olamfik, na yi sama da wata guda ban taka ƙasa ba. Ina hawa na tara a wani dogon gini da ke bayan titin Huanshi Lu a Guangzhou, ciki da falo, taga ɗaya mai kallon bangon wani ginin. Lafiyata ƙalau. Bizata ce ta ƙare, fasfona kuma yana hannun wani ejan da ya ce zai sabunta min ita cikin mako guda. A da abin ba wuya, ka hau jirgin ƙasa zuwa Hong Kong, ka kwana biyu, ka dawo da sabon hatimi. Da wasannin suka matso sai aka toshe wannan hanyar, 'yan sanda suka fara tsayuwa a gadar Xiaobei da tashoshin mota suna tambayar takardu. Baƙin mutum kuwa ba ya ɓuya a Guangzhou. Daga baya fasfon ya dawo ba biza, na kai kaina, na biya tara, na koma gida. Amma ba wannan ne abin da ya tsaya min a rai daga wancan zaman ba.

Sana'ata wandon jins. Daga tebur na fara a Kantin Kwari, ba wanda ya ɗora ni, har Allah ya sa na kai ga zuwa Xintang da ƙafata ina ba da ɗinki. Garin nan ba abin da ake yi sai jins. Gwanintarsu kuma ba a ɗinkin ta tsaya ba, sun iya tsofar da sabon abu. A zuba wando a injin wanki tare da duwatsu, a goge gwiwa da sanfefa, a tsoma a rini a fitar, sai ka rantse wani ya yi shekara biyar yana noma da shi.

Kafin bizata ta ƙare da 'yan makonni na haɗu da wani tsohon Bature a shagon taliyar Musulmin Sin, masu farar hula, inda muke cin abincin rana. Dogo ne, jajir, bayan hannunsa duk tabon rana. Ya ji ina ciniki a waya, ina haɗa Turanci da ɗan Sinancin da na tsinta, sai ya jawo kujera. Ya ce shi manomi ne daga Ostireliya, ya bar wa 'ya'yansa gona. Ya zo ne don kallon wasan dawaki na Olamfik da za a yi a Hong Kong, amma ya biyo ta Guangzhou da wata buƙata. A garinsu akwai su ashirin da huɗu, masu dawaki, da suke hawa duk shekara cikin kayan soja irin na da, don tunawa da rundunar mahaya dawakin da kakanninsu suka yi wa aiki a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya riga ya ba da ɗinkin huluna a wani wuri. Saura abu ɗaya.

Ya buɗe jakarsa ya fito da wani abu a naɗe cikin tawul. Jaka ce ta yadin tanti, irin wadda ake zuba hatsi a rataya wa doki a kai ya ci. Ta yi baƙi-baƙi, gindinta da faci biyu, ɗinkin hannu ne a karkace, igiyarta da ƙulli uku. A gefe akwai wasu haruffa da lamba da aka rubuta da tawada, sun kusa bajewa.

"Kakana ne ya ɗinka ta da hannunsa a hamada, da wadda aka ba shi ta yage," in ji shi. "Ita kaɗai ya dawo da ita daga dokinsa. Ina son ashirin da huɗu irinta, kowane mahayi ɗaya. Za a iya?"

Na juya ta, na ja ɗinkin, na ce, "Baba, a Xintang ko fuskarka ka ba su za su yi maka ashirin da huɗu."

Ya yi dariya, amma bai saki igiyar nan da nan ba. Ya ce ya ɗauki hotonta, ko hoton zai isa? Na ce masa a'a. Na san mutanena, hoto ba ya gaya musu kauri da nauyi, samfur suke so a hannu. Ni na matsa. Ya ce to, amana ce, ranar da zai tafi da ita zai tafi.

Washegari na kai ta wurin wani lawban da na daɗe ina aiki da shi. Lawban shi ne maigida a bakinsu. Na zaunar da shi na gindaya sharuɗɗa yadda na saba. Ban yarda da sabon yadi ba, a nemo tsohon tanti. Ban yarda da zaren roba ba, sai na auduga. Ɗinkin hannu, faci biyu, ƙulli uku. Na ce iri ɗaya nake so, in an ajiye su a jere kada a ga bambanci. Ya gyaɗa kai, ya kira wata mata mai matsakaicin shekaru daga cikin masu ɗinkinsa, ya miƙa mata. Abin da ban faɗa ba shi ne kada a taɓa samfurin. Ban ga dalilin faɗa ba a lokacin.

Kwana goma bayan haka na shiga ɗaki na kulle.

Muna zaune ne da wani mutumin Maradi mai sayen takalman roba da fitilun caji. Shi takardunsa da ɗan sauran rai, don haka shi ke fita ya sayo mana burodi, ƙwai da shinkafa. In an ƙwanƙwasa ƙofa sai mu yi tsit, mu kashe fanka. Ranar Juma'a ya yi wanka ya tafi Masallacin Huaisheng, ni in yi azahar raka'a huɗu tsakanin kwalayen takalmansa. In ya dawo ya ce, "Bakano, an gaishe ka. Na ce musu ka shiga takaba."

Tsohon bai guje ni ba da na gaya masa halin da nake ciki. Otal ɗinsa ba nisa, ba shi da abin yi sai jiran huluna, sai ya riƙa zuwa bayan la'asar da lemo a leda. Shi ba mai tare shi a hanya. Ya zauna a kan kwalin fitilu, in dafa shayi, ya yi ta ba ni labarin rundunar. Ni da ban taɓa mallakar ko jaki ba, na san tarihin dawakin Ostireliya fiye da na unguwarmu.

Ya ce yawancinsu 'yan ƙauye ne, makiyaya da manoma, wasu da dawakinsu suka zo shiga soja. Aka loda su a jirgin ruwa har Masar. Suna murna za su yi sukuwa, sai aka ce su bar dawakin a can, aka kai su wata gaɓar teku a ƙasar Turkawa, aka zuba su a ramuka a gindin tsauni. Wata da watanni mutum ba ya iya miƙewa tsaye, in ya ɗaga kai harsashi. Gudawa da ƙudaje suka kashe na kashewa. Waɗanda suka rage aka mayar da su Masar, suka tarar da dawakinsu, daga nan aka nufi hamada da su, har Falasɗinu.

Na ce, "Wato Musulmi kuka je yaƙa."

Ya ce, "Haka ne. Kakana bai taɓa zaginsu ba. Janar-janar ɗinsa yake zagi."

Na ce to wannan ko a wurinmu haka ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ashe ba a kan doki suke yaƙin ba galibi. Doki abin hawa ne kawai. In an isa, sai a sauka. Mutum huɗu-huɗu ake haɗa su, uku su ɗauki bindiga su yi gaba, ɗaya ya tsaya a baya riƙe da linzamin dawaki huɗu. Kakansa shi ne mai riƙon. Hannu biyu duk a cike, ba halin harbi, ba halin gudu, ba halin kwanciya. Ana ruwan wuta, dawaki suna fizga, shi dai ya tsaya har 'yan'uwansa su dawo. Wani lokaci uku su tafi, biyu su dawo, ya koma da doki ɗaya ba mahayi. Ya ce kuma babban yaƙin da ƙishirwa aka yi shi. Duk tafiya lissafin rijiya ce. Doki ya yi kwana biyu bai sha ba, in an rataya masa jakar hatsi ba ya iya haɗiyewa, sai dai ya tsaya da ita a baki.

Wata rana mutumin Maradi yana nan, na fassara masa cewa dawakin da za su yi wasa a Hong Kong a jirgin sama ake kawo su, kowanne da fasfonsa da likitansa. Ya riƙe baki ya ce, "Ka ji, Bakano. Doki na da fasfo, kai ba ka da shi. Tambayi patron, Baturen nan naka, ko suna neman mai share musu kashi, mu shigar da kai cikin kaya."

Tsohon ya yi dariya da na mayar masa, sannan ya ce na kakansa ba su samu wannan gatan ba. Da yaƙi ya ƙare aka ce dawaki ba za su koma gida ba, saboda dokar hana shigo da cutar dabbobi da kuma tsadar jirgi. Aka tantance su. Masu sauran ƙarfi aka miƙa wa wasu rundunoni, tsofaffi aka harbe. Dokin kakansa ya tsufa. Ya ce kakan bai taɓa ba da labarin wannan ranar ba, jakar dai tana rataye a ƙusa a ɗakin ajiyar sirdi har ya mutu, kuma ba a yarda yaro ya taɓa ta ba. Rundunar kanta daga baya motoci aka ba ta, sunan ne kawai ya rage.

Saura kwana tara ya tafi, direban lawban ya kawo kwali har ƙofa. Na yanke salatif na zazzage a kan katifa. Jaka ashirin da biyar. Na ɗauki ta farko na ce aiki ya yi kyau. Na ɗauki ta biyu, ta uku. Sai na fara neman ta kakan, don in naɗe ta daban.

Duk launinsu ɗaya. Duk faci biyu, ƙulli uku, ɗinki a karkace. Kowacce da haruffan nan da lambar a gefe, a dushe daidai wa daida. Na shinshina, duk warin maganin wanki ɗaya suke.

Na kira lawban. Da murna ya ɗauka, yana jiran yabo. Na ce ina samfurin? Ya ce yana ciki. Na ce wanne ne? Ya yi dariya, ya ce ai shi ne aikin. Da ƙyar, da Turancinsa da Sinancina, na gane abin da ya faru. Sun yi ta rini launin bai zo daidai da samfurin ba, sai ya yi abin da suke yi wa jins in haka ta faru: ya jefa samfurin cikin injin tare da sauran, aka wanke su wanki ɗaya, aka tsoma su rini ɗaya. Tawadar asali ta fita, sai aka sake rubuta wa duka da hannu ɗaya. Na ce ba ka yi mata wata alama ba? Ya ce, "Meyo." Babu. Ya ƙara da cewa ai ni na ce kada a ga bambanci.

Gaskiyarsa. Ni na ce.

Ya ce mutum ɗaya ce za ta iya ganewa, matar da ta ɗinka, don ta san hannunta. In kawo kwalin ta duba. Amma in yi sauri, aiki ya yi ƙasa, ƙarshen mako za ta tafi garinsu. Na ce ya aiko direba ya ɗauka. Ya ce direba ya tafi kai kaya wani lardi, kuma shi bai ga abin damuwa ba, jaka ashirin da biyar na ba da lissafi, ashirin da biyar na karɓa. Xintang tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce daga inda nake. Na tsaya a taga ina kallon bangon nan.

Na roƙi mutumin Maradi. Ya ce kwana uku suka rage masa, kwantenarsa ba a gama lodi ba, kuma ba zai ɗauki kwali ya ratsa tasha ba a wannan marra. Ban ga laifinsa ba. Ya tsuguna ya jujjuya jakunkunan ya ce, "Alhaji, kai ma da neman wahala. Ɗauki ɗaya ka naɗe a tawul. Ka ce an wanke ta ne kawai. Wa zai ƙaryata ka, dokin?"

Na ce amana ce.

Ya ce, "To gaya masa."

Wannan ma ban yi ba. Na tura kwalin ƙarƙashin gado. Na ce wa kaina ni ɗan kasuwar yadi ne, shekara nawa ina taɓa zare, zan gano ta da kaina in miƙa masa ba tare da ya san an yi haka ba. Gaskiyar magana kunya nake ji. Ni na ce masa hoto ba zai isa ba.

Mutumin Maradi ya tafi, na rage ni kaɗai, mai shagon ƙasa yana ajiye min burodi a bakin ƙofa. Da safe in baje jakunkunan a gaban taga. Na zare zare daga kowacce na ƙona da ashana, duk auduga, duk toka ɗaya, don ni na hana zaren roba. Na ƙirga saƙar yadin da allura. Tsohon tantin da lawban ya samo saƙarsa iri uku ce, na ware tara da suka fi kama da abin da nake tunawa. Daga tara na sauko biyar. Washegari na sake dubawa sai na ga wata a cikin waɗanda na watsar ta fi biyar ɗin kama. Sau ɗaya na riƙe ta asalin a hannuna da natsuwa, a shagon taliya, kuma lokacin farashi nake lissafawa a kaina, ba kallonta nake ba.

La'asar na yi in mayar da su ƙarƙashin gado. Tsohon ya zo da lemonsa, ya zauna, dugadugansa suna taɓa kwalin. Ya ce, "Ina labarin jakunkuna?" In ce suna hanya. Ya ci gaba da labarin rijiyoyi.

Ranar da ta rage masa kwana ɗaya na ɗauki ɗaya daga cikin biyar ɗin na naɗe a tawul, na ajiye a kan tebur. Ta yi awa uku a wurin. Da na ji tafiyarsa a baranda na warware tawul ɗin na mayar da ita cikin sauran. Ba zan ce tsoron Allah ne kaɗai ba. Na san in na ba shi zai rataye ta a ƙusar nan, jikokinsa su riƙa nuna wa baƙi, ni kuma ina Kano na san watakila wata mata ce ta ɗinka ta a Xintang watan jiya.

Ya shigo, na jawo kwalin na zazzage a gabansa, na gaya masa komai yadda ya faru. Ya sa tabarau, ya durƙusa da ƙyar a bakin katifa, ya fara ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Ya juya ciki waje. Ya kai hanci. Ya fito da hoton ya kara, amma hoton gefe ɗaya ya nuna, kuma gefen nan kowacce ta kwaikwaye shi. Wata ya riƙe ta daɗe a hannunsa, na ce a raina alhamdulillahi, sai ya ajiye ya ɗauki ta kusa da ita.

"Da warinta nake saninta," in ji shi. "Warin ɗakin sirdi."

Na ce akwai matar da za ta iya ganewa. Ya ɗago da sauri ya ce mu kira, shi zai ɗauki tasi yanzu, shi ba mai tare shi. Na kira lawban a gabansa. Ya ce ta tafi shekaranjiya, garinsu kwana biyu ne a jirgin ƙasa, ba ta da waya, kuma bai san ko za ta dawo ba.

Tsohon ya ce, "Yaushe kwalin ya zo?"

Na ce, "Kwana takwas ke nan."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Kwana takwas ina zaune a kansa."

"Eh, Baba."

"Da ka gaya min ranar, da na je na same ta."

"Da ka same ta."

Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya zauna a gefen gado yana kallon tarin. Can na ce ko ba komai aikin ya yi kyau, mahayan za su ji daɗi. Ban san me ya sa na faɗi haka ba, bakin ɗan kasuwa ne.

Ya ce, "Wa zan ba? In na ba mutum ɗaya, watakila ita na ba shi. Ya zuba mata hatsi, doki ya tauna gindinta, shekara biyu ya jefar." Ya girgiza kai. "Ba wanda zai samu. Duk zan ajiye."

"Ashirin da biyar?"

"Ashirin da biyar."

Bizarsa ta shiga ɗaya ce, in ya ƙetara Hong Kong ba dawowa. Ya fara ninke su yana jerawa a kwali, kowacce da hannu biyu, a hankali, har da waɗanda ni na tabbata sababbi ne. Na miƙa hannu zan taya shi, ya ce in bari. Da ya gama ya tambaya ko ina da igiya. Na ɗaure masa kwalin ɗaurin da nake yi wa kayan Kano, na yi masa mariƙi a sama. Na ce zan kira masa mai ɗauka daga ƙasa, ya ce zai iya.

Na kai masa kwalin bakin lif. Ya shiga, ya jawo shi tsakanin ƙafafunsa, ya danna. Lemon da ya kawo ranar yana kan tebur a cikin ledarsa, shi na ci da magariba.